Malam Zakariya Mai Makulli da Akwatin Baban Dinatu

A Malumfashi, idan makullinka ya ɓata, wurin Malam Zakariya za a tura ka, amma za a ce maka ka shirya amsa tambayoyi. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin kasuwa, kwaɗuna rataye a ƙusa, ga injin yanka makulli a kan teburi. Kafin ya taɓa injin nan sai ya tambaye ka ƙofar wa ce, kai ɗan gidan wa ne, ina makullin farko ya shiga.

Da ba haka yake ba. A Funtua ya koyi aikin, a can kuma wani mutum mai fara'a ya taɓa kawo masa makulli ya ce na sitonsa ne. Ya yanka masa. Ashe siton takin zamani ne na wani Alhaji, aka kwashe shi tas. 'Yan sanda suka tsare Zakariya har sai da ubangidansa ya tsaya masa. Da ya fito sai ya tattara kayansa ya dawo gida, kuma tun daga nan mai yawan fara'a bai ƙara burge shi ba.

Wata ranar kasuwa bayan girbi wata mata mai suna Dinatu ta sauka daga acaba da akwatin ƙarfe, tsohon yayi, an ɗaure shi da zani. Daga wani ƙauye take ta wajen Bakori.

"Malam, buɗe min za ka yi. Na babanmu ne, ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Ke kaɗai ya haifa?"

"Akwai yayana, Levi."

"Ya san kin kawo?"

"Ba sai ya sani ba."

Zakariya ya juya kwaɗon a hannunsa. A bakin ramin makullin akwai sabuwar ƙarzuwa, irin ta wanda ya cusa ƙusa ya murɗa. Ya dubi Dinatu, ta kau da kai.

"Baiwar Allah, ɗauki kayanki. Kayan gado ba na buɗe wa mutum ɗaya."

Ta roƙe shi har idonta ya kawo ruwa, ta rantse ba abin duniya take nema ba. Rantsuwar ma ƙara masa zargi ta yi. A ƙarshe ya yarda ta bar akwatin a shagon, ta je ta zo da yayanta.

Levi ne ya riga ta zuwa washegari, ransa a ɓace. Dattijo ne a cocinsu, mutum mai kwarjini. Ya ce an gaya masa an ga akwatin ubansa a nan, kuma yana so ya san ko an buɗe.

"Yadda ta kawo haka yake," in ji Zakariya. "Sai dai wani ya gwada shi da ƙusa kafin ya zo hannuna."

Levi bai tambayi wanda ya gwada ba. Wannan ma Zakariya ya lura da shi.

Da Dinatu ta iso, Zakariya ya ja ƙyauren shagon rabi, ya sa siririyar waya a kwaɗon, ya buɗe a gabansu. A sama akwai jar hula da ta koɗe. A ƙarƙashinta ƙahon rago ne da aka ɗinke da fata, da wuri, da 'yar tukunya an toshe bakinta da tsumma. Kayan tsafin gidansu ne na Maguzanci, waɗanda tsohon ya ce ya ƙone tun ranar da aka yi masa baftisma.

"Tun ina yarinya na taɓa gani, Yaya," Dinatu ta ce a hankali. "So na yi in binne su ba wanda ya sani, don kada a yi da Baba, kada kuma a yi da kai."

Levi ya daɗe yana kallon ƙahon. Sai ya rufe akwatin, ya juyo kan Zakariya.

"Malam, mutane da yawa suna zama a shagon nan."

"Suna zama. Makulli nake yanka musu, ba labari ba."

Levi bai nuna ya gamsu ba. Ya ce a sa sabon kwaɗo, ya miƙa hannu zai karɓi makullan biyu. Zakariya ya ba shi ɗaya, ya miƙa wa Dinatu ɗayan. Suka fita, suka ɗora akwatin a babur ɗin Levi.

Har yau Dinatu takan tsaya ta gaida Zakariya ranar kasuwa, wani lokaci da ƙullin daddawa. Levi kuwa ta ɗaya gefen titin yake bi, idan ya ga mutane zaune a bencin shagon suna dariya sai ya rage tafiya yana kallon bakinsu. Zakariya bai san ko an binne kayan ba, ko an ƙone, ko suna nan a ƙarƙashin gadon wani. Matarsa Rukayya ta sha tambayarsa abin da ke cikin akwatin nan na mutanen Bakori, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: tsofaffin kaya.