Ƙaramin Famfon da Aka Cire wa Motata

Motata daga Kwatano ta fito, kamar yawancin motocin Dogon Dutsi, bayan ta gama ƙuruciyarta a hannun wani Bature da ban taɓa jin sunansa ba. Na saye ta shekarar da na bar aji na zama darakta a wata lekol ta firamare. Ban taɓa buɗe gabanta da hannuna ba. In ta tashi mu tafi, in ta ƙi in kira makanike in sauke masa kwandon masifa.

Wata rana ƙanena da ke aiki a Turai ya ce in ɗauki hoton kartagiris, wato takardar shaidar motar, in aika masa. Da la'asar sai ga saƙon murya mai tsawon tsiya. Wai kamfanin da ya ƙera motar ya yi kiran ire-irenta su koma a gyara, ya duba lambar shasina, wato lambar jikin motar, tana cikin waɗanda aka kira. Wai ban da babban famfon ruwa akwai wani ƙarami mai aiki da lantarki, da ke taya injin hucewa. Shi ne yakan toshe, ya ɗau zafi, ya kama da wuta, ko da motar tana tsaye a kashe. Ya rufe da cewa, "Yaya, don Allah kar ki ƙara ajiye ta cikin gida."

Sau uku na saurari saƙon, kowane saurare na fi na baya ruɗewa. Na san a kira ma'aikaci ya koma Yamai, ban san a kira mota ba. Na tambaye shi ta koma ina, ya ce a can wajensu kyauta ake canza famfon. Na ce to sai in ɗauko ta a ka in tsallaka teku. Duk da haka tsoro ya kama ni, don motar tana kwana dab da ɗakin Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta iya tashi sai an kama ta. Na fitar da ita waje, can ƙarƙashin itacen bedi, na riƙa leƙenta ta katanga kamar akuya mai shirin haihuwa.

Da safe na tafi garejin makanikena. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya karɓi motar tun ranar da ta sauka garin. Na kunna masa saƙon, ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya yi murmushi.

"Wanga ƙarami na bayan radiyata? Ai babu shi, Madam. Tun zuwan mota nic cire shi."

"Ka cire mi?"

"Shi da tarmosta, rana guda. Kayan ƙasas sanyi na. Duk motad da tah hito Kwatano sai mun rage mata su, mu haɗa hwanka kai tsaye. In ba haka ba, zahin nan namu shi kashe ta."

Ya ɗaga gaban motar ya nuna mini wani guntun tiyo da ya haɗa a gurbin. Shekara biyu ke nan ina yawo ba famfon. Wato kamfani yana neman motata saboda abin da ba ta da shi, kuma na raba ta da makwancinta a banza. Na ji sanyi a raina har na fara dariya. Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni har yau.

"To ina kay yas da shi?"

Ya dube ni kamar na zage shi. A garejinsa ba a yar da komai, kowa ya sani. Abin da aka cire wa wannan motar yana shiga wani tsohon daro, ya jira ranar da wata za ta nema.

"Lahiyayyen abu za ni yaswa? Na sa ma wani."

"Kai da kac ce ba shi da amhwani?"

"Shi yac ce yana so."

Nan na daina dariya. Lambar da kamfani ke nema tana jikin motata, wutar kuma tana jikin motar wani, wanda ba shi da ƙane a Turai, kuma ba wanda zai taɓa aika masa saƙo. Na ce ya tuna wa ya sa wa. Ya sosa ƙeya, ya dubi daron, ya dubi sama. Ya ce irin motar guda biyu suka zo a damanar shekarar da ya cire shi, ɗaya ta wani mutumin Kiyeshe, ɗaya ta direban da ke jigilar Sukukutane. Na matsa masa, na ɗaga murya har masu walda na maƙwabta suka tsaya kallo. Ya ce ta Sukukutane ce, yana kyautata zato. Ni kuwa rantsuwa na ji, don ita nake son ji.

Na sami direban a tasha ranar kasuwar Sukukutane, motar ta cika har ta tsuguna, buhuna a sama, mata da goyo a ciki. Yana juyowa na gane shi. Ɗalibina ne na da, wanda na sha murɗe wa kunne saboda haddar lissafin ninkawa. Yanzu ga gemu, ga wando ɗangalalle, amma da ya gan ni sai ya cire hannu daga aljihu.

Na yi masa bayani yadda na iya, kuma na san ban iya ba. Na ce kamfani, na ce shasi, na ce wuta. Ya tambaye ni ko lambar motarsa ce aka kira, na ce a'a, tawa ce. Ya ce to tawa ce ke da matsala. Na ce a'a, tasa ce. Fasinjoji suka fara leƙowa ta taga. Wata tsohuwa ta tambaya ko iskoki ne a motar, a faɗa mata tun da wuri ta sauka.

"Madam," in ji shi a hankali, "wanga hwamhwo shi ka riƙe min mota cikin rairai. Tun da anka sa shi ba ta tahwasa ba ko sau guda. In an cire, ban san yadda za ni kai mutane ba."

"In ta kama da wuta da su ciki hwa? Ko cikin gida, inda ɗiyanka?"

Na ga bai yarda ba, na kuma ga ba zai iya musa mini ba. Da wani ne ya zo masa da zancen, da ya kore shi. Amma ni ce na koya masa riƙe alli, kuma na yi amfani da wannan da gangan, ba zan ɓoye ba. Ya sauke fasinja a inuwa, muka tafi garejin, aka cire famfon aka sa guntun tiyo irin nawa.

Abin bai fi dunƙulen hannu ba, baƙi, da igiyar lantarki a gefe. Makanike ya miƙa hannu zai jefa shi cikin daro, na fizge. A gida na ɗora shi a kan dutse na sa guduma, na dake shi har sai da Inna ta yi kira daga ɗaki tana tambayar me nake fasawa. Na tara gutsattsarin na ɗauki hoto na aika wa ƙanena, ina jin kaina kamar wadda ta kashe maciji a ɗakin yara.

Amsarsa ba ta daɗe ba. Ya ce in matso da wayar kusa da gutsuren da ke da rubutu. Na matsar. Sai ya ce wannan lambar ba ta cikin masu matsalar. Sabon samfuri ne, irin wanda ma ake sa wa mutane in sun kai gyara. Ba daga motata ya fito ba.

Na koma garejin. Makanike ya juya gutsuren a tafinsa, ya ce to lalle ta Kiyeshe ce ke nan, shi ma dama bai rantse ba. Na ce mu tafi Kiyeshe yanzu. Ya ce mutumin ya sayar da motar tun bara, wasu na cewa ta yi Tibiri, wasu na cewa ta tsallaka iyaka. Lambarta kuwa bai taɓa dubawa ba, fara ce dai, kamar sauran.

Sai da na kwana uku kafin na iya zuwa tasha in faɗa wa ɗalibina. Na tarar yana ɗaure jarkokin ruwa huɗu a bayan mota, a gurbin da yake sa kayan mutane. Ya ce yanzu sau biyu yake tsayawa kafin Sukukutane, ya jira ta huce, fasinja suna zaune a rana suna zaginsa, wasu ma sun koma bin wata motar. Na gaya masa gaskiya duka, har da gudumar. Ya saurara bai ɗago ba, ya ja igiyar ya ƙulle.

"Ba komi, Madam," ya ce.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na raba mutum da abin kirki, na bar mugun yana yawo. Makanike ya yi alkawarin nemo masa wani daga Yamai, kuma ko ya zo ban san yadda zan gane mai kyau ne ba sai na sake aika hoto Turai.

Ta Kiyeshe kuwa na tambaya a Tibiri, na tambaya a tashoshi, na sa direbobi uku sun buɗe mini gaban motocinsu, na tsaya ina kallon abin da ban gane ba har suka gaji suka rufe. Wani yana shigar da farar mota gidansa kowace yamma, ya kashe ta kusa da ɗakin da iyalinsa suke, hankalinsa kwance. Ni na san abin da ke cikinta, kuma ban san gidan da zan yi wa sallama ba.