Takun Dokin Baba

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Kademi, in ba biki ko rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce zaure. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tankaɗe a tsakar gida zan gaya maka wanda ya wuce ta bayan katanga, daga jan takalminsa kawai. Maigidana har tsokanata yake yi, wai da ana ɗaukar aikin gadi da kunne da tuni ina ofis a Ajingi.

Surukina, mahaifin maigidan, wanda duk muke kira Baba, yana da doki bidi da ya girmi 'yata ta fari, ita kuwa a lokacin har tana goyo. Turkensa yana jikin katangar ɗakina. Baba ba ya hawa babur, ya ce abin da ba ya jin magana ba zai ɗora masa ransa ba. Duk Juma'a a kan dokin nan yake zuwa masallaci a Toranke. Masu babur su zagaya ta babbar hanya, shi kuma ya yanke shi kaɗai ta wani kwari mai gangara, wanda da damina laka ke cika shi.

A daminar da nake ba da labari takun dokin ya canja. Da can ƙafafunsa huɗu a jere suke sauka, kamar mata biyu suna lugude a turmi guda. Sai na fara jin uku su sauka, a yi ɗan jinkiri, sannan ta huɗun ta biyo da ƙyar. Da sassafe in zai miƙe daga kwance, gwiwarsa ta gaba takan yi ƙara kamar an karya busasshen kara, ya yi nishi, ya tsaya cik ya daɗe. Kafin hantsi jikinsa ya sake, ya riƙa tafiya kamar lafiyarsa lau. Mazan gidan kuwa sai da hantsi suke kallonsa.

Abin ya tsaya mini a rai. Baba ya tsufa, ƙashinsa ba zai ɗauki faɗuwa ba, kuma in ƙafar nan ta lanƙwashe a gangarar kwari babu wanda zai gani. Amma ni suruka ce. Tsakanina da Baba gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. Sai na gaya wa maigida. Shi ma bai taɓa kallon idon mahaifinsa ya ce masa bari kaza ba, don haka ya je wajen Baffa, ƙanin Baba, tunda shi ne suke wasa da dariya.

Kafin nan ma wani malamin dabbobi daga Gaya ya zo allurar shanu, maigida ya ja shi gefe ya duba dokin. Ya matsa gwiwar, ya lanƙwasa ta, dokin ya fizge. Ya ce sanyin ƙashi ne na tsufa, ba ya warkewa sai lallaɓawa, a daina hawansa, musamman cikin laka.

Ni na ce wa maigida dokin zai kayar da Baba. Maigida ya ce wa Baffa dokin ya fara gajiya, a rage masa wahala. Ranar da Baffa ya isar da saƙon ina bayan zaure ina wanke-wanke, na ji da kunnena. Bayan sun gama hirar gero da ta ruwan bana, sai ya ce, "Yaya, wannan abokin naka fa yana son a ƙara masa kanwa." Baba ya yi dariya ya ce shi ma Baffan a ƙara masa, ko cikinsa ya sauka. Aka jiƙa wa doki kanwa a dusa, kowa ya ɗauka ya sauke nauyi.

Ranar wata Alhamis aka wuni ana ruwa. Da gari ya waye dokin sai da ya yi yunƙuri uku kafin ya miƙe. Na sa tsintsiya a hannu na kasa shara. Wajen hantsi na ji ƙarar likkafa, Baba ya fito da sirdi. Ban san lokacin da na ja mayafi na fita ba. Na durƙusa nesa da turken, na ce, "Baba, a gafarce ni. Ƙafarsa ta gaba ba ta ɗaukarsa. Kullum da safe ina ji."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ja majayin sirdi ya ɗaure, sannan ya ce, "Na riga ki ji, 'yar nan. Ni nake kansa." Ya shafa wuyan dokin. "Tawa gwiwar ba ta kai ni bakin kwari. Ranar da aka sauke masa sirdi, ni ma an zaunar da ni ke nan. Tashi ki koma ciki, Allah ya yi miki albarka."

Ya hau ya tafi.

Na ɗora tukunya na manta ban sa gishiri ba. Aka sauko daga masallaci, babura suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya shigo yana tambayata ko Baba ya fasa zuwa ne, don bai gan shi a sahun da ya saba tsayawa ba. Da ya ga fuskata bai jira amsa ba, ya juya da gudu ya tada babur ɗinsa. A bakin ƙofa na tsayar da shi, na ce ya kashe babur ɗin. Daga can wajen gonaki ina jin takun dokin a hankali, ga kuma na mutum a gefensa yana jan ƙafa.

Baba ne a ƙasa, riƙe da linzami. Farar rigarsa ta Juma'a laka har kafaɗa ta ɓangare guda, rawani a hannu. Gwiwoyin dokin duka biyu sun kwaile. Maigida ya miƙa hannu zai riƙe shi, ya ture hannun. Shi da kansa ya kwance sirdin, ya ce a kai cikin ɗaki a rataye. Har ya bar duniya bai gaya wa kowa abin da ya faru a kwarin ba.

Dokin ya huta, har ya yi ƙiba. Baba kuwa Juma'ar da ta biyo maigida ya roƙe shi ya hau bayan babur, ya ce a'a, a je a yi masa addu'a. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure. Kafin a yanke gero ya daina fita ƙofar gida. Da kaka ta yi, ko zauren ma sai an kama shi.