Akun Inna da Tafiyata Nutso a Bahar Maliya

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne mai jini a jika, ɗan wani ƙauyen Hausawa kusa da Rufa'a. A tur'ar da ke shayar da hawasharmu, wato magudanar ruwan da ke ratsa gonarmu, na koyi iyo, na girma na koma kogi, har wani ɗan uwanmu ya samo mini aiki a Bursudan, a jirgin da ke kai baƙi nutso a Bahar Maliya. Mukan goya tukunyar iska mu sauka ƙarƙashin teku, ni a gaba, ina nuna musu murjani da kifaye masu launin da ko a tob, wato mayafin amarya, ban taɓa gani ba. Ban yi zamanin da ya kai wannan daɗi ba.

A gida kuwa, abin da ya rage mini na mahaifiyata aku ne, wanda baba ya sayo mata a Damazin tun ina ƙarami. Bayan rasuwarta tsuntsun ya ci gaba da magana da muryarta, da Hausar tsofaffinmu da mu yanzu muke cakuɗawa da Larabci. Da safe sai in ji, “Tashi, ɗan nan, rana ta hito!” Har tarinta yana yi. Duk sa'ad da tafiya ta kama, nakan kai shi wurin tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, da muke kira haboba, wato kaka. Takan rataye kejin inda take gasa kisra, wainar nan ta dawa, ta ba shi gyaɗa da dawa, su yini suna hira.

Wata shekara aka kira ni aiki, haboba kuma tana Abu Na'ama tana jinyar ɗiyarta. Da na buga mata waya ta ce in kai mata shi can, ta nanata cewa tsuntsun ya saba da mutane, kaɗaici zai ci shi. Ni kuwa na ga hanyar ta saɓa da tawa, hankalina duk ya riga ya tafi teku. Sai na bar shi wurin wani abokina mai shago a bakin tashar Rufa'a. Tafiyar ta yi tsawo fiye da yadda aka ce mana. In mun matso gaɓa na samu na kira abokin nawa, sai ya ce in kwantar da hankalina, tsuntsu yana ci yana sha.

Bai yi mini ƙarya ba. Da na dawo na tarar da kejin a ƙofar shago, ga ruwa, ga gyaɗa. Amma akun ya fige gashin ƙirjinsa tas, ya takure a lungu. Na durƙusa na kira shi yadda Inna ke kiransa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya buɗe baki ya yi ihu irin na yaran mota masu kiran fasinja: “Madani! Madani!” A nan tsakiyar kasuwa na zauna a ƙasa, hawaye suka ƙwace mini. Abokina ya rasa laifinsa, ni ma ban ga laifinsa ba, domin ciyarwa kawai na roƙe shi.

Da haboba ta dawo, sai ta karɓe shi. Kullum tana zama gabansa tana maimaita masa maganganun Inna. Gashi ya tsiro, ya yi ƙiba, ya ƙara wasu shekaru a duniya. Ya koyi kalmomin kuwa, amma da muryar haboba. Ta Inna ba ta sake dawowa ba, ni kuma ban taɓa tunanin ɗaukarta a waya ba.

Yanzu baƙi sun daina zuwa, na koma noma. Abin da na koya shi ne, dabbar da ta saba da gida ba cikinta kaɗai ke jin yunwa ba. Ku masu tafiye-tafiye, kafin ku miƙa kyanwa ko tsuntsu ga wani, kada ku tsaya kan wa zai zuba mata abinci. Ku tambayi wa zai zauna kusa da ita, ko da gidansa ya fi nisa.