Kifin da Ya Je Biki a Homoine

A Tofo aka haifi Zefanias Nhanombe, gidan masunta gaba da baya, amma tun yana yaro teku ta ƙi shi. In ya taka kwalekwale, ko da a ɗaure yake a bakin gaɓa, sai cikinsa ya juya. Mahaifinsa ya gwada shi har ya gaji, ya ce a bar shi ya nemi abincinsa a kan tudu. Ya yi hawan kwakwa, ya yi aski, ya yi aikin kai abinci a wani masaukin baƙi, inda aka sallame shi don yakan tsaya hira da faranti a hannu har miya ta huce.

Ya haura hamsin lokacin da Dakta Celeste Macuacua ta ɗauke shi aiki. Ita da mutanenta jamanta suke bi, wato kifin nan mai faɗi kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, mai iyo kamar yana tashi sama, wanda raga da mashi suka kusa ƙarar da shi. Duk shekara kifayen sukan zo gaɓar Tofo, su ɓace, ba wanda ya san inda suke tafiya. Don haka ake maƙala wa wasunsu wata 'yar na'ura baƙa, mai dunƙulallen kai da siririyar waya a wutsiya. Bayan watanni takan saki kifin ta taso sama, ta riƙa sanar da tauraron ɗan'adam inda take. In ruwa ya turo ta gaɓa, Zefanias ne ke tsinto ta. Aka ba shi babur, da eriya mai rassa kamar ƙashin kifi, da abin sawa a kunne mai ƙara in ya kusance ta. Matarsa Ermelinda ta ce ko ba komai, an samu aikin da zai sa ya yi shiru ya saurara.

Wata safiya Dakta ta kira shi, ta nuna masa taswira a kwamfuta, fuskarta ba walwala. Na'urar wata ƙatuwar macen jamanta da suka sa wa suna Dona Rosa tana magana daga tsakiyar kasuwar Maxixe. Dakta ta ce bayani ɗaya ne, an kashe kifin an kai shi kasuwa.

Maxixe kuwa a ƙetaren ruwa take. Zefanias ya roƙi a bar shi ya zagaya ta tudu, aka ce ba lokaci. Ya shiga jirgin fito daga Inhambane, kansa a cikin bokitin wata mai sayar da tumatir, eriyarsa na tsokanar fasinjoji. Ya sauka a galabaice, ya bi rumfunan kifi ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu eriya, mata na zaginsa wai yana yi wa kayansu asiri. Bai ji ƙara ko ɗaya ba. Da ya buga waya, Dakta ta ce Dona Rosa ta bar kasuwa, tana kan titin Morrumbene, kuma da gudu.

Haka aka yi ta yi. Ranar aiki kifin yakan kwanta shiru a wata unguwa, kafin Zefanias ya isa maganar ta ɗauke. Ranar Asabar sai ya tashi tafiya. Dakta ta daina cin abinci sosai. Ta ce batirin ya kusa mutuwa, kuma duk labarin inda kifin ya je a cikin na'urar yake.

Asabar ɗin da ta biyo baya Dona Rosa ta nufi Homoine, can cikin gonakin rogo, inda ko kogin kirki babu. Wannan karon Zefanias ya zagaya da babur. Ƙarar ta fara a kunnensa tun daga bakin gari, ta ja shi har wani gida da aka kafa rumfuna ana biki. A tsakiyar fili ga wani sanƙira da farar kwat, Bonifacio Cumbe sunansa, yana zuba wa ango kirari, ya kara na'urar Dakta a bakinsa kamar makirufo.

Kafin Zefanias ya kai gare shi wata dattijuwa ta cafke hannunsa. Kakar amarya ce. Tun safe suke jiran kawun amarya da zai zo daga ma'adinan Joni a can ƙasar waje, wanda rabon a gan shi tun amaryar ba ta yi haƙori ba. Ga dattijo ya sauka daga babur da kayan zamani a kafaɗa, ai shi ne. Zefanias ya buɗe baki zai yi bayani, aka tura shi kan kujera, aka ajiye masa tuwon masara da matapa, wato miyar ganyen rogo, mai ƙaguwa. Yunwa yake ji. Ya ce bari ya ci tukuna.

Bai gama suɗe hannu ba Bonifacio ya sanar cewa kawun amarya zai yi nasiha, ya miƙa masa na'urar. Abin da ya sha wahala a kansa ke nan ya shigo hannunsa, ga babur can a bakin ƙofa. Amma jama'a sun zuba masa ido, shi kuma tun da yake ba a taɓa tara masa masu sauraro haka ba. Bai san amarya ba, bai san ango ba. Abin da yake ji kullum a ofishin Dakta shi ya zo masa.

"'Yata, ki zama kamar jamanta," in ji shi. "Ga girma, amma ba ta cizo. Tana tafiya nesa, amma tana dawowa gida. Kai kuma surukina, ka sani ɗa guda take haifa, shi ma sai ta huta shekaru. Kada ka dame ta."

Mata suka rangaɗa guɗa. Uwar amarya ta share hawaye. Ya ci gaba har rana ta karkata, ya bayyana yadda ƙananan kifaye ke tsince wa jamanta datti a jiki ba ta haɗiye su, ya ce dangin miji su yi koyi, ko da yake shi ma bai san da wa za su yi koyin ba, jamantar ko ƙananan kifayen.

A bayan rumfa suka yi ta da Bonifacio. Sanƙiran ya ce mahaifiyarsa ce ta tsinto abin a gaɓa wurin tonon kumba, kuma tun da ya fara riƙe shi gayyata ba ta yanke masa ba.

"Amma ai ba ya ƙara murya," in ji Zefanias.

"Kawu, murya ina da ita. Abin riƙewa ne ba ni da shi."

Suka daidaita a kan musaya, don Dakta na da matattun na'urori a kwali. Bonifacio ya zo Tofo da kansa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban ma'aikata, ya zaɓi wadda ya ce ta fi daɗin sauti. Da aka buɗe na'urar Dona Rosa, aka ga ta yi kudu mai nisa, ta tsallaka ruwan wata ƙasa, ta juyo. Dakta ta ɗauki wannan bayanin ta tafi taro da shi, tana neman a tsare hanyar daga masu raga. Kifin kuma aka sake ganinsa da ransa a lokacin sanyi.

Bayan 'yan kwanaki kawun gaskiya ya iso Tofo, yana tambayar mai eriya. Zefanias ya ɓuya a bayan tulun ruwa, Ermelinda ta nuna shi. Mutumin bai zo faɗa ba. Motarsu ce ta lalace a hanya, da ya isa kuma dangi suka ce sun riga sun yi kawu, kuma ya fi shi iya magana. Ya ce shi dama hayaniyar dangin nan ce ta kore shi Joni, saboda haka Zefanias ya riƙe kujerar, shi ya bar masa ita. Ya ba shi hannu, ya tafi cikin fara'a.

Tun daga nan, in amarya da ango sun saɓa, Tofo ake aikowa. Suna ko rasuwa ko rabon gona, sai an jira kawu. Yanzu yakan duba gaɓa da safe, da yamma ya kama hanyar Homoine. Ermelinda takan bi shi a bayan babur, don ta ce ba ta yarda da dangin da aka samu rana ɗaya ba, kuma matapar gidan ta fi tata.