Abin da Ya Rage Daga Motar Lawali

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Lawali, kuma har yau in na ji yaro ya taka mota tana gurnani a titin Gwandu, sai abinci ya fita raina. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, don haka ina da hurumin faɗin gaskiya a kansa: mutumin kirki ne, amma kunnensa na son zuga.

Motarsa ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar agwagwa. Hakan bai ishe shi ba. Sai da ya cire wilin da ta zo da shi, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya yi odar wasu masu ƙyalli daga waje, da tayoyi sirara waɗanda tsofaffin unguwa suka ɗauka sacewa suka yi. Ranar da suka iso ya miƙo mini wili ɗaya da hannu guda, wai in ji rashin nauyi. Ya ce duk nauyin da ƙafar mota ta rage, gudu ta ƙara. Na tambaye shi ina za shi da sauri haka, tunda daga nan zuwa Dalijan ko jaki ya kai mutum. Ya yi dariya ya ce Yaya ba za ta gane ba.

Masu ƙera wilin nan sun yi shi ne don titi mai santsi kamar faranti, mu kuwa hanyar Kambaza gare mu. Ba a jima ba na gaba ya faɗa rami ya tsage. Lawali ya so ya ajiye motar har sabo ya iso, wannan ni shaida ce. To amma ana gobe za a kai amaryar abokinsu Kalgo, kuma a wajen samarin nan, ayarin da babu motar Lawali a gaba ba ayari ba ne. Wani Bello da suke kira Gaye ya ɗauki wilin da kansa ya kai wa mai walda, aka liƙe, aka fesa fenti. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kam sun fafe. Washegari suna tsere, kowa na son ya riga isa ƙofar ango, liƙin ya buɗe. Amarya ta isa Kalgo lafiya. Mu kuma aka dawo mana da Lawali a bayan a-kori-kura.

Abokan sun zo gaisuwa da baƙin tabarau, sun yi kwana uku suna girgiza kai. Daga sadakar arba'in ban sake ganin ƙeyar ko ɗaya ba. Ɗansa Nafi'u, wanda a lokacin yake firamare, a ɗakina ya girma, kuma babu wanda ya taɓa aiko masa ko da fensir.

Nakan tambayi kaina, da Lawali zai leƙo yau, me zai ce? 'Yan ba-ni-na-iya sun ninka. Kowane biki sai sun tare titi suna juya mota tana hayaƙi, wasu na ɗauka a waya, taya na ƙonewa, iyaye na tafi. Yaron da bai taɓa noma kunya ɗaya ba zai yi maka wa'azi a kan wili har ka gaji. Na so in ce Lawali zai tsine wa abin, amma na san ƙanena. Da farko tsugunawa zai yi ya shafa wilin ya yaba. Sai ya ɗago kai ya ga wanda ke tsaye cikin 'yan kallo, a nan ne jikinsa zai mutu.

Domin Nafi'u ya zama saurayi, ya fara aiki, ya sayi 'yar motarsa. Kuma ga Bello Gaye ya dawo, da tumbi da carbi, wai ya tuna amana. Amanar ita ce zai haɗa yaron da mai kawo wili mara nauyi, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan karin maganar a bakinsa ta fi zagi ciwo.

Makon jiya na dafa shinkafar sadakar da nake yi wa Lawali duk shekara. Nafi'u na cin ƙanzo a gindin tukunya ya nuna mini hoton wani wili a waya.

"Goggo, wanga ba irin na Baba ba na. Ba shi tsagewa."

Ban taɓa gaya masa asalin tukunyar ba. Na sa ya kwashe ƙanzon, na ce ya ɗaga ta. Ya ɗaga da hannu guda, kamar yadda ubansa ya taɓa miƙo mini wilin nan. Sannan na faɗa masa cewa bayan haɗarin na karɓo tsagaggen wilin, na kai wa maƙeran tukwanen dalma suka narka shi suka yi wannan tukunyar, tun yana yaro a cikinta yake ci.

"Ka ji ba ta da nauyi ko?" na ce. "Shi kau ubanka, sai da maza suka yi ta canjin kafaɗa kahin su kai shi kushewa."

Bai ce ya fasa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Ya ajiye tukunyar a hankali, ya kife wayar a tabarma.

Gudun Lawali babu wanda ya gada, masu tafi sun sami wasu 'ya'yan mutane suna yi musu. Abin da ya bari biyu ne, tukunya da Nafi'u. Tukunyar ta ciyar da mutanen da motar ba ta taɓa rage wa hanya ba. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya sa ta ishe ni, kada in sake zuwa wurin maƙera.