Ranar da Jiniya Ta Kora Hamidu Cikin Kwari

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Amma akwai wata mata a Tawa da ba ta sani ba ko matar aure ce ita ko mai takaba, kuma bakina ake jira. Shi ya sa na rubuta. Abin da na gani zan ce na gani. Inda ban gani ba zan faɗa.

Yanzu ina Madina, a Juruf, ina aiki a gonar dabino. Kafin nan a bakin teku nake, a wani ƙauyen masunta gaba da Yanbu, ina wankin kifi da ɗaukar ƙanƙara. Ɗakunanmu na kwano ne, a daidai inda wani busasshen kwari ya gangaro daga duwatsu ya shiga teku. Tun zuwana ban taɓa ganin ruwa a cikinsa ba. Awaki ne suke kiwo a ciki.

Ɗaki ɗaya muke da Hamidu, mutumin Tawa, mai gyaran komar kamun kifi. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya rasu, magada ba su sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, ya zama mara takarda ba da laifinsa ba. Saboda haka da ya ji jiniya, ko ta motar asibiti ce, sai ya ajiye aiki ya gudu. Maɓoyarsa ɗaya ce: abbara, wato ramin siminti da kwarin yake bi ta ƙarƙashin babban titi. Har tabarma ya ajiye a can. Idan komai ya lafa sai ya dawo yana kakkaɓe wando yana dariya.

Ranar, bayan asuba, muka karya da burodin tamis da waken ful. Iska tana kaɗowa daga teku, mai ɗumi, ba ta tsayawa. Ruwan teku ya hau har inda ake ɗaure kwale-kwale. Can gabas kan duwatsu ya yi baƙi ƙirin, amma mu ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Na fita na duba, na dawo, na sake fita.

Hamidu ya ce, “Malam Wasuwasi, zauna ka sha shayinka. Teku ne, bai san sunanka ba.”

Da hantsi masunta suka ce ba fita. Muka ja kwale-kwale zuwa tudu. Karnuka suna ta haushi. Awakin cikin kwari suka hau gefe da kansu. Na gani, ban gane ba.

Mun idar da azahar ke nan, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai jiniya ta taso daga wajen titi. Tana nesa sosai. Na juya. Hamidu ya riga ya tsallake katanga, ba takalmi. Na ga bayansa, riga shuɗiya, yana gangarawa kwari.

Sai da motar mai jiniyar ta matso muka ji abin da lasifikarta take faɗa. Ba kame ba ne. “Sel! Sel! Iɗla’u fog!” Ambaliya ce ta taho daga duwatsu, kowa ya hau tudu.

Na bi shi da gudu. Ina kiran sunansa, iska tana mayar mini da muryata. Na kai bakin kwari. Daga nan ana hango bakin abbara, baƙi, shiru. Na yi ihu da Hausa cewa ba kame ba ne, ruwa ne. Ban sani ba ko ya ji. Ko da ya ji, ban sani ba ko zai yarda.

Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata. Ƙara ce kamar manyan motoci da yawa suna tahowa tare. Wani wari na jiƙaƙƙen taɓo ya riga ruwan isowa.

Abu Nasir, direban motar ƙanƙara, Bahaushe ne haihuwar nan, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Shi ya damƙe ni ta wuyan riga. “Yalla ya ammi! Irkab!” Wato in yi sauri in hau mota. Na ce Hamidu yana cikin abbara. Ya ɗaga ni ya jefa bayan mota.

Muna hawa gangara na ga ruwan. Ja ne, mai kauri, da itatuwa da tukwanen gas da wani raƙumi yana juyawa a ciki. Ya daki titi. Bakin abbara ya ɓace gaba ɗaya. Ruwan ya nufi teku, teku kuma ya cika ya ƙi karɓa, sai ya dawo ya bazu cikin ƙauye. Kwanon ɗakunanmu ya yi ƙara, ya tashi.

Motar ta mutu kafin mu kai tudu. Muka sauka, ruwa iya gwiwa, sannan iya ƙugu. Muka riƙe hannun juna, mu da wasu masunta ’yan Yaman. Wani tsoho yana ta salati. A kan tudun wani gidan mai muka tsaya. A nan muka yi la’asar, jikinmu duk taɓo.

Ga wurin da yake hana ni barci. Kafin magariba na hango mutum a ɗaya gefen titi, can nesa, yana hawa dutse da rarrafe. Rigarsa ta yi mini kama da shuɗiya. Na nuna wa Abu Nasir, kafin ya juyo mutumin ya shige bayan dutse. Idona ba shi da ƙarfi. Masu shuɗiyar riga kuma suna da yawa a wurin.

Washegari masu ceto suka tone abbara. Ina tsaye. Suka fito da yashi, da itace, da mushen awaki. Ba mutum. Suka ce ruwa irin wannan yana kai abu har tsakiyar teku. Na ba su sunansa, na faɗi gaskiyar maganar takardarsa, don kada su fasa nema. Sun nema. Aiki ya mutu a ƙauyen, kafilina ya sa ni a mota zuwa Madina da kayan jikina.

Tun daga nan yayan Rabi, matar Hamidu, yake kirana. Maganarsa ɗaya ce: “Malam, kai ne kake wurin. Ka ce ya rasu, ta shiga takaba, mu san inda muka dosa.” Na je wurin wani ɗalibi ɗan Zariya da yake karatu a jami’a a nan. Ya ce kada in shaidi abin da ban gani ba. To ban ga gawa ba. Ban kuma ga fuskar mai hawa dutsen ba. Idan na ce ya mutu, ta yi aure, ya dawo fa? Idan na yi shiru, ita kuma tana zaune da ’ya’ya biyu tana jiran wanda yake ƙasan teku fa? Na gwada kowace a zuciyata, ba wadda ta zauna.

Ni kayan sawa na rasa, da tukunya, da aiki. Duk na sami wasu. Hamidu ne ban samu ba.

Don Allah, wanda ya yi zaman gidan da ake tara waɗanda za a mayar gida, ko ya yi kiwo a duwatsun wannan yanki, ko ya yi jinya a asibitin can, ya tuna. Dogo ne, siriri, ɗan yatsansa na hagu ya lanƙwashe saboda igiyar koma, yana ɗan in’ina idan ya tsorata. Mai yiwuwa ba zai faɗi sunansa na gaskiya ba. Wanda ya gan shi, a raye ko an binne, ya faɗa wa ’yan uwanmu masu zama bayan la’asar a unguwar Anbariyya, nan Madina. Maganar za ta iso ni. Ko ji ka yi ba gani ba, ka faɗa, amma ka ce ji ka yi.