Angku Darwis da Katunan Bayan La'asar

Ranar Talata, sha biyu ga Maris, 2019, da hantsi, Allah Ya karɓi ran dattijonmu Angku Darwis Sutan Pamenan a gidan matarsa da ke bayan kasuwar garinmu Payakumbuh, yana da shekara tamanin da ɗaya. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Labarin ya same ni a aji, ta wayar hannu, cikin saƙo mai kalma huɗu. Mutumin da ya yi kusan shekara hamsin yana sanar da rasuwar mutanen garin nan a rediyo da cikakken suna da laƙabi da dangin uwa, tasa sanarwar ke nan. Da yana nan, da ya mayar da ita a sake rubutowa.

Angku, masu rubuta tarihin rediyo ba za su ambace ka ba, don su daga babban birni suke farawa, a can kuma suke ƙarewa. Mu dai mun san cewa a 1967 ka haɗa tasha da tarkacen na'urar sojoji a saman shagon yadi, kuma da aka rasa mai hawa da wayar eriya kan bishiyar kwakwa, birin maƙwabci aka aro, irin wanda aka horar da tsinko kwakwa. Kullum kana cewa shi ne injiniyanka na farko, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yi maka gardama ba. Tashar tana da suna a takardar izini, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da wani abu ba sai Rediyon Saman Bene.

Sau uku aka yi wa rediyo jana'iza a gabanka. Da kaset ya kori faifan garmaho, aka ce kowa zai zama tashar kansa. Da aka kafa talabijin na farko a harabar ofishin gunduma, jama'a suna tsaye suna kallon ministoci na yanka ƙyalle, aka ce to, yanzu kam ta ƙare. Abin da ka ce kawai shi ne, ba macen da za ta yi awa huɗu tana juya naman rendang idonta na kan akwati. Da wayar hannu ta zo ma haka. Duk ukun ka halarta, ka yi ta'aziyya, ka koma bakin aiki.

A wancan zamani ba a yarda ƙananan tashoshi su karanta labaransu ba. Lokacin labarai na yi, sai a haɗa da tashar gwamnati. Saboda haka labaran garinmu na gaskiya suna cikin shirinka na bayan La'asar. Mutum ya sayi kati a shagon gahawa, ya rubuta gaisuwarsa da waƙar da yake so, kai kuma ka karanta. Ta nan muke sanin wanda ya dawo daga fatauci, da wadda aka sa wa rana, da wanda ɓaunar nomansa ta ɓata. Abin da ya fito daga bakinka ya zauna. Na karanta littattafai da dama a kan ƙarfin kafafen watsa labarai, amma ban ga marubucin da ya fahimci abin kamar mahaifiyata ba, wadda ko boko ba ta yi ba.

A nan ne nawa labarin ya shigo, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A 1988, bayan rasuwar mahaifinmu, yayana Uda Masril ya kwashi tsohon rediyon marigayin da faya-fayensa na sarewar saluang ya yi musayarsu da talabijin mai launi. Ni a lokacin shekarata ashirin da uku, na fito daga kwalejin malamai kaina cike da manyan kalmomi. A gaban dangi na ce masa ya sayar da muryar ubanmu ya sayo fuskar ministoci. Shi kuma ya ce mai takarda bai taɓa ɗaukar buhun shinkafa ba sai dai ya ci. Duk mun faɗi gaskiya, shi ya sa abin ya yi zafi. Shekara shida ba mu yi wa juna magana ba. In zan je gaishe da Amak, mahaifiyarmu, sai na duba ko babur ɗinsa na ƙofar gida. Ranar Sallah shi ya zo da safe, ni da yamma. Ita kuwa tana ta ramewa, ciwon suga na cin ta, burinta ɗaya ta ga 'ya'yanta biyu a tabarma ɗaya kafin ta tafi. Kawunnanmu sun yi magana, limami ya yi, ba wanda ya sauko.

Ana saura mako biyu a kama azumin 1994, ina gyaran takardun ɗalibai, na ji muryarka: "Daga Masril, mai injin casar shinkafa, zuwa ga ƙanensa Yusrizal, malamin makaranta. Ya ce ko an sari ruwa da adda, ba ya rabuwa." Sai ka saka sarewar da mahaifinmu ya fi so. Na ajiye biro. Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji ba ƙauna ba ce, daɗin nasara ne.

Mako na zagayowa, sai ga amsa: daga Yusrizal zuwa ga yayansa, yana neman afuwa kafin azumi. Ni ban aika ba. Na hau benen nan da fushina. Na tarar kana shan shayi da ƙwai, kana goge kan na'urar kaset da auduga.

Na ce, "Angku, wa ya aiko da katin nan da sunana?"

Ka ce, "Malam, ni karatu aka ɗauke ni, ba binciken hannu ba."

"Ai ƙarya ce aka yi mini."

"To zauna, ga makirufo nan. Faɗa wa gari ba ka neman afuwar yayanka. Uwarka na saurare, ta fi kowa ƙure muryar rediyo."

Na dubi makirufon, na dubi matakala, na zaɓi matakala. A raina na yanke cewa kai ka amsa a madadina don kada gaisuwar Uda ta faɗi ƙasa. Cewa tasa ma ta iya zama ba tasa ba, wannan bai ko gifta mini ba. Haka ɗan Adam yake.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Mai sayar da ayaba ta yi mini barka, shugaban makarantarmu ya riƙe hannuna ya yaba da tarbiyyata. Amak ta aiko cewa tun da ta ji a rediyo mun shirya, sai mu zo buɗa-baki na farko tare. Wa zai ce rediyo ya yi ƙarya? Muka je. Muka zauna kamar baƙi biyu a tashar mota, har ta turo kwano ɗaya tsakaninmu ta ce sauran duk ba a wanke ba. Uda ya ce, "Miƙo barkonon nan, Farfesa." Na miƙa. Shi ke nan. Ta ƙara shekara uku a duniya, kuma ranar da ta cika, mu biyu muna gefenta.

Ranar uku da rasuwarka, Angku, bayan an watse daga addu'a, matarka Etek Rosmaniar ta kira ni da Uda Masril cikin ɗaki. Ashe duk katin da ka taɓa karantawa yana nan, a gwangwanayen biskit, shekara-shekara. Ta buɗe na 1994 ta zaro biyu da aka ɗaure da zare.

Ta ce, "Ya ce in ba ku, amma sai bayan ya tafi, don ba ya son surutun malamin nan."

Da ajami aka rubuta su, haruffan sun karkace kamar shuka bayan iska. Hannun Amak ne. Duka biyun.

Etek ta ce, "Da ƙafarta ta hau benen nan, tana hutawa a kowace matakala. Ya ce mata shi bai taɓa karanta abin da ya san ba haka ba ne. Ta ce, 'Ni na haife su, na san abin da ke cikinsu. Bakin ne kawai ba su da shi.' Kwana biyu yana juya maganar. Ya san in ɗayanku ya ƙaryata, shirin nan ya mutu, ba mai sake yarda da shi."

Uda ya juya katin, ya dube ni. "Wato kai ba ka taɓa ba ni haƙuri ba?"

"Kai ma ashe ba ka fara ba."

"Shekara ashirin da biyar ina gaya wa matata kai ka sauko."

"Ni har a aji nake ba da misali da kai."

Etek ta ce mu fita mu yi a waje, gidan makoki ne. Amma dariya take yi tana share ido.

'Yarka Elfira ce ke riƙe da tashar yanzu, kuma har yau akwai sauran katuna, ko da yake tsofaffi kaɗai ke nema. Washegari na cika ɗaya, ba manyan kalmomi, da hannuna da sunana. Ranar Juma'a bayan La'asar ta karanta shi. Kafin nawa, sai da ta karanta wani daga mai injin casar shinkafa. Ta ce da kwata ɗin awa ya riga ni. Ina da shakka a kan agogon tashar, amma na bar masa; yaya ne.

Angku, sau ɗaya ka sa amincin muryarka a kan maganar wata tsohuwa, kuma ga shi bayan shekara ashirin da biyar maganar ta tabbata. Ba ka karanta ƙarya ba, ka dai riga mu faɗa ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Etek Rosmaniar, da Elfira da ɗan'uwanta Hendrizal, da jikoki, da duk wanda ya taɓa jin sunansa daga saman benen nan ya ji shi ma wani ne. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Allah Ya gafarta wa Angku Darwis, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi. Yadda ya sada zumuncin da ya yanke, Allah Ya sada shi da rahamarSa, shi da Amak da sauran magabatanmu. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah Ya sa ya ji nasa cikin masu karɓar takarda da hannun dama. Amin.